Motar Da Ƙarfe, Ta Yanzu Gwangwani? Abin da Kimiyya Ta Ce

Duk wanda ya taɓa zama a garejin kanikawa ko a tashar mota, da wuya a ce bai ji ana musu a kan motar da ta fi kowace ba. Dattawan direbobi sukan ce an gama mota tun daga Peugeot 504, wadda muka fi sani da Fijo. Matasa su ce zamaninta ya wuce, yanzu sai Toyota da Honda. Mai ƙaramin ƙarfi kuwa yakan ce shi dai a ba shi 'yar Kwatano mai lafiyar inji. Maganar da ta fi yawo a bakin masu son tsohuwar mota ita ce, motar da ƙarfe ce, ta yanzu kuwa gwangwani, da an taɓa ta sai ta lotse. Akwai gaskiya a cikin wannan magana, amma hukuncin da ake yankewa da ita kuskure ne, kuskuren da ke iya jawo asarar rai.

Bari mu fara ba tsohuwar haƙƙinta. An fito da 504 a Faransa a 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai a 1969, sa'an nan ta lashe gasar tseren Safari ta Kenya a 1975. A wannan shekarar ce masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci, kuma an ci gaba da harhaɗa 504 a can shekaru da dama bayan Faransa ta daina ƙera ta. Cikinta ya yi nesa da ƙasa, ga ta da haƙurin ramuka, ga kayan gyaranta a kowane gari. Yawancin waɗanda suka yi yawo a titunanmu da kafireto suke aiki, wato na'urar da ke gauraya fetur da iska ta hanyar zuƙar da injin ke yi, babu hannun lantarki a ciki. In ta tsaya a daji, bakanike mai sifana biyu zai kwance kafireton, ya wanke, ya busa, ya mayar, a ci gaba da tafiya.

Motar zamani ba haka take ba. Injin fetur yana bukatar kimanin giram 14.7 na iska ga kowane giram 1 na mai kafin man ya ƙone sarai. Kafireto kintace yake yi, ita kuwa motar zamani tana da 'yar kwamfuta mai auna iskar da ke shiga da hayaƙin da ke fita, tana daidaita feshin mai a kowane lokaci. Wannan ne ya sa ba ta shan mai da yawa, hayaƙinta kuma bai kai na tsohuwa guba ba. Sai dai in ta lalace, kunnen bakanike kaɗai ba ya gano cutar, sai an jona mata na'urar bincike, kuma gurɓataccen mai yana saurin toshe mata hanyoyin feshi. A kan sauƙin gyara, dattawa sun fi mu gaskiya.

Inda muka rabu da su shi ne batun ƙarfe. A nan ɗalibin kimiyya zai iya raba gardamar da alƙalaminsa. Duk abin da ke tafiya yana ɗauke da makamashin motsi, wanda ake samu idan aka ninka nauyinsa da saurinsa, aka sake ninkawa da saurin, aka raba biyu. Mu ɗauki mutum mai nauyin kilo 70 a cikin motar da ke gudun kilomita 50 a awa, wato kimanin mita 14 a daƙiƙa. Makamashin da ke jikinsa ya kusa jul 6,800, daidai da na wanda ya faɗo daga tsayin mita 10, kamar saman bene mai hawa uku. Idan gudun ya koma kilomita 100, makamashin ba ninki biyu zai yi ba, ninki huɗu zai yi, kamar faɗowa daga kusan mita 40.

To, idan aka yi karo, dole wannan makamashi ya tafi wani wuri. Ƙarfin da zai bugi jikin mutum shi ne makamashin nan idan aka raba shi da tazarar da jikin ya tsaya a cikinta. In motar ƙarfe ce da ba ta lotsewa, ta tsaya cak a cikin santimita 10, ƙarfin da zai danna mutumin ya kai nauyin tan 7 ko kusa da haka. In kuwa gaban motar ya lotse har santimita 50 kafin ta tsaya, ƙarfin zai ragu zuwa kimanin tan 1.4. An sauƙaƙa lissafin domin aji, amma ƙa'idar ba ta canzawa. Malami na iya nuna wannan da ƙwai biyu: a saki ɗaya a kan siminti, ɗayan a kan matashin kai, daga tsayi guda. Saurinsu ɗaya ne lokacin da suka isa ƙasa, abin da ya bambanta shi ne tazarar tsayawa.

Ashe lotsewar nan da ake yi wa dariya da gangan aka yi ta. Injiniya Béla Barényi na kamfanin Mercedes-Benz a Jamus shi ne ya yi rajistar wannan dabara a 1952: a yi gaba da bayan mota yadda za su nannaɗe su shanye bugu, a bar ɗakin fasinja da tauri kamar keji. A 2009, cibiyar kamfanonin inshora ta Amurka mai binciken haɗurran hanya ta gwada abin a idon duniya. Ta haɗa Chevrolet Bel Air ƙirar 1959 da Chevrolet Malibu ƙirar 2009 gaba da gaba, kowace na gudun kilomita 64 a awa. Ɗakin tsohuwar ya rufta, sitiyari ya afka wa mutum-mutumin da ke kujerar direba. Sabuwar ta yi kaca-kaca daga gaba, amma ɗakinta bai rushe ba, awon ya nuna direbanta zai fita da rauni a ƙafa kawai. Ba muna cewa 504 daidai take da waccan Bel Air ba, domin ta zo bayanta da shekara 9. Amma ba ta da jakar iska, ba ta kuma da birkin da ke hana taya ƙullewa.

Akwai sharaɗi guda da direbobinmu suka cika mantawa. Duk wannan lissafi yana aiki ne idan mutum yana ɗaure da bel. Wanda bai ɗaura ba, motar za ta tsaya a hankali, shi kuwa jikinsa zai ci gaba da gudun da yake yi har sai sitiyari ko gilashi ya tare shi, a tazarar da ba ta wuce 'yan santimita ba. Bel mai ratsa ƙirji da ƙugu Nils Bohlin ne ya ƙirƙiro shi a kamfanin Volvo a 1959, amma har yau wasu sai sun hango jami'an kiyaye haɗurra suke ratayawa.

Saura 'yar Kwatano, ko tokumbo, wadda ita ce motar mafi yawanmu. Fasalinta na zamani ne, amma tarihinta a ɓoye yake. Wurin da aka tsara ya lotse sau ɗaya yake aikinsa. Idan mota ta taɓa yin mummunan karo, aka miƙar da ƙarfen da wuta, aka yi walda, aka shafe da fenti, ƙarfen ba zai ƙara nannaɗewa yadda aka tsara ba. Jakar iska ma haka take, in ta fashe sau ɗaya sai an sa sabuwa, kuma akan sami wanda zai rufe gurbin ba komai a ciki. Mai saye ya kunna makulli ya duba: fitilar jakar iska ya kamata ta kama na 'yan daƙiƙoƙi sa'an nan ta mutu. In ba ta kama ba sam, ko ta ƙi mutuwa, akwai magana. Ya buɗe murfin inji ya nemi alamar walda ko fentin da bai yi daidai da sauran ba. Ya kuma sunkuya ya karanta lambobi huɗu na ƙarshe da ke jikin taya bayan haruffan DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Taya mai lamba 2314 an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2014, kuma ko zanenta bai goge ba, robar ta tsufa, zafin kwaltar Kano zuwa Maiduguri a watan Afrilu na iya fasa ta.