Wendell Scott: Direban Da Ya Ci Tsere Aka Miƙa Wa Wani Kofinsa

A wannan watan za mu ɗan ajiye zancen girki da tarbiyyar yara, mu leƙa ƙasar Amurka domin kawo miki tarihin wani bawan Allah da ya ɗauki tseren mota a matsayin sana'a. Na san za ki ce ina ruwan biri da gada, ke da ko a kan titi maigida ya ɗan taka mota sai kin ce ya sassauta. To ki daure ki karanta, domin mutumin magidanci ne mai mata da 'ya'ya bakwai, kuma duk abin da ya same shi a filin tsere, a kan iyalinsa ya sauka. Sunansa Wendell Scott, shi ne baƙar fata na farko da ya taɓa lashe tsere a babban rukunin gasar motoci ta NASCAR.

Kafin mu shiga labarinsa, bari na ɗan yi miki bayanin irin wannan tsere. Ya bambanta da na ƙananan motocin nan masu kama da kwale-kwale da kike gani a talabijin ana yi a Turai da ƙasashen Larabawa. Shi wannan, asalinsa da motar gida ake yinsa, irin wadda kowa zai iya saye a kanti. Sai a cire kujerun baya da duk wani tarkace, a ƙara wa injin ƙarfi, a walda bututun ƙarfe a ciki kamar keji don kare direba idan motar ta wuntsila. Ƙofa ma ba a buɗe ta, ta taga direba yake shiga. Yawancin filayen kewayayyu ne kamar ƙwai, motoci gommai su yi ta zagayawa suna karya kwana ta hagu sau ɗari biyu ko fiye, wanda ya riga cika adadin zagayen shi ake ɗaga wa tuta mai zanen baƙi da fari.

Wasan ya samo tushe ne a jihohin kudancin Amurka, kuma tushen nasa ba abin alfahari ba ne. Masu fasa-ƙwaurin barasar da ake dafawa a ɓoye cikin duwatsu su ne suka fara ƙara wa motocinsu gudu don tsere wa 'yan sanda, daga baya suka koma gwada wanda ya fi wani a ranakun hutu. A shekarar 1948 wani mai suna Bill France ya kafa ƙungiyar NASCAR a garin Daytona Beach na Jihar Florida, ya sa wa abin doka da tsari. A wancan zamani kudancin Amurka na cikin tsananin wariyar launin fata. Makaranta daban, gidan cin abinci daban, hatta famfon shan ruwa an ware na baƙaƙe da na farare. Tseren mota kuwa harka ce ta farare zalla, tun daga direbobi har masu fili.

Daga tasi zuwa filin tsere

An haifi Wendell Scott ranar 29 ga Agusta, 1921 a garin Danville da ke Jihar Virginia, gari ne na masaƙar auduga da kamfanonin taba. Mahaifinsa direba ne kuma bakanike a gidajen wasu attajirai farare, a wurinsa ya fara koyon riƙe sufana. Tun yana yaro ya ƙudurta ba zai ƙare rayuwarsa a masaƙa ba kamar sauran samarin garin. Bai gama sakandare ba ya shiga tuƙin tasi, ya auri wata yarinya mai suna Mary Coles, sannan aka ɗauke shi soja lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, inda ya yi aikin kanikanci a Turai cikin rundunar da aka ware wa baƙaƙe. Da ya dawo gida ya buɗe gareji.

A nan akwai wani tabo a tarihinsa da ba za mu rufe ba. Shi ma ya taɓa harkar jigilar barasar nan cikin dare, Allah Ya kiyashe mu da zuri'armu. A 1949 aka kama shi, kotu ta yi masa ɗaurin talala na shekara 3. Abin mamaki, wannan mummunan suna ne ya buɗe masa ƙofa. A 1952 masu wani ƙaramin filin tsere a Danville suka ga 'yan kallo sun ragu, sai suka yi dabarar sa baƙar fata ɗaya cikin direbobi don jama'a su zo kallon abin al'ajabi. Suka je wurin 'yan sanda suka tambaya wane baƙi ne ya fi kowa iya mota a garin. 'Yan sanda suka ambaci mutumin da ya sha ba su wahala a kan hanya.

Ba a yi mako biyu da fara tserensa ba ya ci gasa a garin Lynchburg. Amma da ya ja motarsa zuwa gasannin NASCAR a Jihar North Carolina, sai aka mayar da shi daga bakin ƙofa, aka ce ba a karɓar baƙaƙe. Ya ci gaba da yi a ƙananan filaye har ya dace da wani jami'i mai suna Mike Poston a filin Richmond, wanda ya sayar masa da lasin ɗin ƙungiyar ba tare da ya tuntuɓi manya ba. A 1959 ya zama zakaran Jihar Virginia a rukunin matsakaitan motoci. Nasarorin da ya samu a irin waɗannan ƙananan filaye sun haura 100.

Sana'ar gida ɗaya

A watan Maris na 1961, yana dab da cika shekara 40, ya hau babban rukuni da ake kira Grand National a lokacin. A nan ne nake so ki tsaya ki duba da kyau, uwargida, domin a wannan mataki kuɗi ne ke magana. Manyan direbobi suna da kamfanonin ƙera motoci a bayansu, ana ba su sabon inji, sababbin tayoyi, da ƙwararrun ma'aikata masu albashi. Idan mota ta tsaya shan mai da canjin taya a tsakiyar tsere, kowace daƙiƙa tana da tsada, shi ya sa a yau ma'aikata biyar ke rufar wa mota su canja taya huɗu cikin daƙiƙa 10 ko kusa da haka.

Scott bai taɓa samun babban kamfanin da ya ɗauki nauyinsa irin haka ba. Motocinsa na hannu ne, waɗanda wasu direbobi suka gama yayinsu. Kayan gyara kuwa sau da yawa kwance ne daga wurin 'yan gwangwan, ko tayoyin da wasu suka cire suka yar. Shi ne mai mota, shi ne direba, shi ne bakanike. Ma'aikatansa su ne 'ya'yansa maza, Wendell ƙarami da Frank, da 'yan abokan arziki. Akwai lokutan da zai tsaya, ya fito ta taga, ya sa jak ya canja taya da hannunsa, ya koma ciki ya ci gaba da tsere da mutanen da ko sitiyari ba su saki ba. Idan an tashi kuma a ɗaure motar a bayan wata a ja ta cikin dare zuwa gari na gaba, ɗaruruwan kilomita, a yankin da otal-otal da gidajen abinci da yawa ba sa karɓar baƙar fata ko da kuɗinsa.

Ki ƙaddara ke ce Mary. Abin da ya shigo daga gareji ya tafi a inji. Abin da aka ci a tseren Lahadi ya tafi a mai da taya. Mijinki da 'ya'yanki maza sun tafi wurin da wasu 'yan kallo ke yi musu ihu da zagi, wasu direbobi na bangazar motarsa da gangan, an sha tsarga masa tayoyi da wuƙa. Ɗansa Frank ya ba da labarin yadda aka yi wa mahaifinsu barazanar kisa idan ya kuskura ya shiga tsere a Atlanta, kuma ya je ya yi. Shahararren filin Darlington ya yi shekaru yana ƙin karɓarsa, sai bayan da aka kafa dokar 'yancin jama'a ta 1964 wadda ta haramta wariya a wuraren taruwar mutane. Ni dai a ganina, duk wanda ya rubuta cewa Scott ya yi tsere 495 a babban rukuni, to ya kamata ya san cewa gidan ne gaba ɗaya ya yi su.

Adalci ne kuma a faɗa cewa ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Direbobi farare irin su Ned Jarrett da Richard Petty da Earl Brooks sun riƙe shi da mutunci, wasunsu suna taimaka masa da kayan gyara. Motar ma da ya kafa tarihi da ita, ƙirar Chevrolet, a hannun Jarrett ya saye ta.

Ranar 1 ga Disamba, 1963

Kwana tara ke nan da harbe Shugaba Kennedy, ƙasar tana cikin zulumi. Aka shirya tsere a filin Speedway Park da ke Jacksonville a Jihar Florida. Fili ne na turɓaya mai tsawon rabin mil, wato kamar mita 800, za a zagaya sau 200. Filin ya yi ramuka ƙwarai a ranar, motoci suka yi ta lalacewa. Saura zagaye 25 Scott ya wuce Richard Petty wanda motarsa ta samu matsala, ya shige gaba. Ya cika zagaye na 200, ba a ɗaga masa tuta ba. Ya ƙara ɗaya, shiru. Ya ƙara na biyu. Sai ga shi an ɗaga wa wani farar fata mai suna Buck Baker tuta, aka kai shi dandalin karramawa aka miƙa masa kofi. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Scott ya ce bai yarda ba, a sake lissafi. A zamanin da hannu ake rubuta zagayen kowace mota a takarda. Aka shafe kusan awa biyu ana bin takardu, sannan jami'ai suka amsa cewa shi ne ya ci, har ma ya ba na biyu ratar zagaye biyu. Amma kafin nan 'yan kallo sun watse, 'yan jarida sun tafi, Baker ya yi gaba da kofi. Aka ba shi kuɗin nasara dala 1,000.

Jami'ai sun ce kuskuren lissafi ne, kuma gaskiya irin wannan kuskure yakan faru a lokacin. Sai dai Scott da iyalinsa da mutane da dama sun tafi a kan wani dalilin daban. Al'adarsu ce a kawo budurwa, sarauniyar kyau, ta miƙa kofi, wanda ya ci ya sumbace ta a bainar jama'a. Mu a wurinmu al'adar kanta abin ƙyama ce ko wane ne ya ci. Su kuwa masu fili abin da ya dame su shi ne a ga baƙar fata kusa da farar mace a Florida ta 1963, a gaban dubban 'yan kallo farare.

Wannan ita ce nasararsa tilo a babban rukuni. Kada ki raina ta. Da irin motocin da na bayyana miki ya shiga sahun goma na farko sau 147, kuma a 1966 ya zo na shida a jimillar maki na duk shekara. Shekara huɗu a jere, daga 1966 zuwa 1969, bai fita daga goman farko ba. Shekarar da ya fi samun kuɗi ita ce 1969, inda ya tara dala 47,451, kuɗin da a cikinsu za a cire na inji, da taya, da mai, da hanya, kafin a zo kan cefane da kuɗin makaranta.

Talladega

A 1973, yana da shekara 51, ya yi abin da mata da yawa za su kwana suna kuka a kai. Ya jinginar da kadarorinsa, ya ci bashi ya sayi mota ƙirar Mercury, mafi kyawun motar da ya taɓa mallaka, don shiga tsere a Talladega ta Jihar Alabama, filin da ya fi kowanne girma da gudu a gasar. Tseren bai yi nisa ba injin wata mota ya fashe, mai ya malale a kan hanya, ƙura da hayaƙi suka turnuƙe, motoci wajen 20 suka yi karo da juna. Aka fito da Scott da karaya a ƙugu da haƙarƙari da wasu munanan raunuka, sabuwar motar kuwa ta zama gwangwan a fitarta ta farko. Ya daure ya sake shiga tsere ɗaya a Charlotte a ƙarshen shekarar, ya zo na 12, daga nan ya haƙura. Ya koma garejinsa na Danville yana gyaran motocin mutane, ya yi shekaru yana biyan bashin motar da ba ta nan.

A 1977 aka yi fim a kan rayuwarsa mai suna Greased Lightning, wanda ɗan wasan barkwanci Richard Pryor ya fito a matsayinsa, kodayake an ƙara gishiri da yawa a labarin. Cikakken tarihinsa sai a 2008 wani ɗan jarida mai suna Brian Donovan ya fitar da shi a littafin Hard Driving. Scott bai ga littafin ba. Ya rasu ranar 23 ga Disamba, 1990 sakamakon ciwon daji a ƙashin baya, yana da shekara 69, bai taɓa riƙe kofin Jacksonville a hannunsa ba.

'Ya'yansa da jikokinsa ba su bar maganar ta mutu ba. A 2010 wata ƙungiyar masoya tsere a Jacksonville ta ba su kwaikwayon kofin. A watan Janairun 2015 aka shigar da sunansa zauren girmamawa na NASCAR da ke Charlotte, shi ne baƙar fata na farko da ya shiga. Ita kanta ƙungiyar sai ranar 28 ga Agusta, 2021 ta tara iyalinsa a filin Daytona ta miƙa musu kofi a gaban jama'a, kusan shekara 58 bayan tseren, ana gobe zai cika shekara 100 da haihuwa.

Mako biyar bayan haka, ranar 4 ga Oktoba, 2021, wani matashi mai suna Bubba Wallace ya zama baƙar fata na biyu da ya ci tsere a babban rukunin, cikin mota mai lamba 23 ta ƙungiyar da tsohon ɗan ƙwallon kwando Michael Jordan yake da hannun jari a ciki. Filin da ya yi nasarar shi ne Talladega, kuma a ranar aka ba shi kofinsa.