Binciken Kufai Kafin Sauya Kwalbati: Misali Daga Ƙasar Karaye da Rogo

Idan aka ce binciken kufai, ana nufin nazarin abubuwan da mutanen dā suka bari a ƙasa, kamar tsingaro da dutsen niƙa da kashin tama da gawayi da tushen ganuwa, domin a gano yadda suka rayu. Akwai wani reshe nasa da ake yi cikin gaggawa, wato binciken ceto, wanda ake gudanarwa kafin wani babban aiki ya lalata wuri. Irinsa aka yi a yankin Kainji a shekarun 1960, kafin ruwan madatsa ya shanye tsofaffin garuruwa.

Mai karatu zai iya tambaya: ina ruwan kwalbati da tarihi? Ai ƙaramin aiki ne. Amsar tana ga inda ake gina shi. Kwalbati a kan magudanar ruwa yake zama, mutanen dā kuwa kusa da ruwa suke kafa gari, nan masu ginin tukwane suke samun yumɓu, nan ma marina take. Bugu da ƙari, shimfiɗa kwalta saman ƙasa take shafa, amma sauya kwalbati sai an haƙa rami mai zurfi, an buɗe hanyar ratse ga motoci, an kuma ɗebo burji daga wani fili. Wuri uku ke nan katafila za ta taɓa, kuma abin da ta kwashe a wuni ɗaya ba ya komawa mazauninsa.

Ƙasar Karaye da Rogo, wadda ta zama masarauta mai daraja ta biyu a 2024, ta cancanci irin wannan kulawa. Karaye tsohon gari ne mai ganuwa. Littafin Tarihin Kano ya ambace shi a zamanin Sarki Muhammadu Nazaki (1618-1623), inda ya danganta shi da Wambai Giwa da yaƙe-yaƙen Kano da Katsina. Ga kuma kogin Calawa da rafukan da ke kwarara cikinsa. Madatsar da aka kammala a kansa a 1992 ta riga ta rufe fili mai yawa, don haka abin da ya rage a tudu ya ƙara daraja.

Mai bincike yakan fara ne da tambayar dagatai da dattawa, sa'annan ya taka gefen hanya da ƙafa yana duban gaɓar rafi, domin zaizayar damina takan tona abin da ke binne. Idan ya ga alama, sai ya haƙa ƙaramin ramin gwaji, yana bin ƙasa hawa-hawa, yana rubuta zurfin kowane abu. Wannan rubutu shi ne ran aikin. Gawayin da aka tsinta tare da kashin tama a hawa ɗaya zai iya nuna shekarun matoyar ƙarfe, kamar yadda irin wannan awo ya nuna ana narkar da tama a Dala tun wajen ƙarni na 7. Gawayin da katafila ta watsar kuwa, gawayi ne kawai.

A nan ne malamin Hausa yake da abin cewa. Sunayen wurare irin su Kufai da Maƙera da Tsohon Gari da Bakin Ganuwa shaida ce da harshe ya adana bayan gini ya rushe. Ɗalibin da ya tattara irin waɗannan sunaye a ƙauyensu ya sauƙaƙa wa mai bincike rabin wahala, ko da yake suna kaɗai ba hujja ba ne sai ƙasa ta gaskata shi.

Ta fuskar doka, Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda doka mai lamba 77 ta 1979 ta kafa, ita ke ba da izinin tono, ita kuma ake sanar wa idan ma'aikata suka ci karo da kayan tarihi.