Turaren Wuta Ba Ya Maganin Fitsarin Kyanwa

 Yau zancenmu a kan wata 'yar matsala ce wadda mata ke jin nauyin faɗa, amma tana zubar da mutuncin ɗaki, watau zarnin fitsarin kyanwa a kan kafet ko darduma.

Abin da ya jawo zancen wata amarya ce a Katabu, can bakin hanyar Zariya. Iyayenta sun yi ƙoƙari sun shimfiɗa mata kafet bango da bango. Ran nan muzurun maƙwabta ya shigo ya yi fitsari a bayan kujera. Ta goge da tsumma, ta turare ɗakin, da yake lokacin hunturu ne sai zarnin ya kwanta. Damina na sauka sai ga shi ya taso, kuma bai tashi cika ɗaki ba sai ranar da dangin miji suka zo. Uwar mijin ba ta ce kome ba. Amma da la'asar ta yi sai ta ɗauki buta, ta ce a shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida. Ke ma kin san abin da wannan ke nufi.

To, me ya sa zarnin ya dawo? Kyanwa asalinta dabbar busasshiyar ƙasa ce, jikinta yana tattalin ruwa, shi ya sa fitsarinta ya fi kauri, na muzuru kuwa ya fi ƙarfi. Idan ya bushe yakan bar wani gishiri-gishiri a cikin zaren kafet, wanda ba ya narkewa da sauƙi. Muddin iska a bushe take, yana nan kwance. Da raɓa ta taɓa shi sai ya farka. Ga shi kuwa nan Kaduna damina kan kai wata shida, a watan Agusta ko wanki da ƙyar yake bushewa. Saboda haka turaren wuta da humra lulluɓe zarnin kawai suke yi, kafin gari ya waye sun tafi sun bar shi.

Kuma abin bai tsaya ga hanci kaɗai ba. Ita kyanwa ba najasa ba ce, akwai hadisi a kan haka cikin Muwaɗɗa Malik, har ma ana alwala da sauran ruwan da ta sha. Amma fitsarinta najasa ne a wurin malaman Malikiyya. 'Yan makaranta da suka karanta Ahalari sun san ba a kawar da najasa sai da ruwa mai tsarki, wanda launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa ba su sāke ba. Ashe ke nan kome za ki zuba a wurin, ruwa zalla shi ne ƙarshe.

Idan kin tarar da fitsarin ɗanye, da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Ki ninke tsohon zane ko tawul ki ɗora a kai, ki taka da ƙafa ya tsotse. Ki canja wani busasshe ki sake takawa. Kada ki dirza, domin dirzawa tana tura shi ciki, tana kuma faɗaɗa wurin. Sa'an nan ki zuba ruwan sanyi kaɗan ki sake tsotsewa, kamar sau uku. Bayan haka ki auna farin khal, watau binega, cikin gwangwanin madara ɗaya, ki haɗa da ruwa gwangwani ɗaya. Ki fara ɗiga shi a wani lungun kafet da ba a gani, ki tabbata launi bai zuba ba. Ki jiƙa wurin da shi, ki bari minti 10, ki tsotse. Sai ki ɗauraye da ruwa mai tsarki, ki tsotse, ki maimaita har ruwan ya riƙa fita garau. Daga nan ki barbaɗa bekin soda da kauri, ki bar shi ya kwana, da safe ki share.

Idan darduma ce ko ƙaramin kafet, aikin ya fi sauƙi. Ki fitar da ita tsakar gida, ki kwarara mata ruwa ya ratsa ta, ki wanke da garin sabulu kaɗan, ki ɗauraye sosai. Ki shanya ta a kife, bayanta ya kalli rana, don kada launinta ya koɗe.

Tsohon fitsari shi ne mai wuyar sha'ani. In kin kasa gane wurin, ki kashe fitila da dare ki haska irin tocilan ɗin nan mai shuɗin haske da ake duba kuɗi da ita, sau da yawa tabon kan fito fili. Sa'an nan ki ɗaga gefen kafet ɗin ki duba ƙasa, domin fitsarin kan ratsa har siminti. Ki wanke simintin, ki bar shi ya bushe ƙarau. In akwai soso a ƙarƙashi, ki yanke inda ya sha fitsari ki yar, ki sa sabo. Akwai kuma maganin da aka yi musamman don fitsarin dabbobi, mai narkar da gishirin nan, ki sa a tambayo miki wurin masu sayar da magungunan dabbobi. Kada ki mayar da kafet sai ya bushe ciki da bai, ko da za ki kwana biyu kina kunna masa fanka.

Ga kuma gargaɗi, ki riƙe shi da kyau. Kada ki zuba bilic, irin su Hypo ko Jik, a kan fitsari, kada kuma ki haɗa shi da khal. Haɗuwarsu tana fitar da iska mai guba, mai sa tari da yajin ido da sarƙewar numfashi, balle a ɗakin da akwai jariri ko mai asma. Kada ki sa ruwan zafi ko dutsen guga, zafi yana zaunar da zarnin. Izal da Dettol kuma suna cutar da kyanwa, domin in ta taka takan lashe ƙafarta.

Kada fushi ya sa ki ce a kai kyanwar bayan gari. Ita ke tsare miki buhun masara, tana kuma rage ɓeraye, masu yaɗa zazzaɓin Lassa da aka fara ganowa a Nijeriya cikin 1969. Duka ma ba ya koya mata kome sai tsoro. Abin da ke mayar da ita wurin shi ne sauran warin da take ji, ko da ke ba kya ji. Rigakafi ya fi magani: ki sa mata yashi a tsohon daro can wani lungu, a riƙa canja shi kullum, ki kuma riƙa rufe ƙofar ɗaki. Mai juna biyu ta bar wa wani kwashe yashin, saboda kashin kyanwa yana iya ɗauke da cutar da ke taɓa ɗan tayi. Wanda ya kwashe kuma ya wanke hannu da sabulu. In kyanwar da kika sani da tsabta ta fara fitsari ko'ina, ko tana yunƙuri tana kuka, ko kika ga jini, to, ba iskanci ba ne, ciwo ne. A kai ta asibitin dabbobi ba da ɓata lokaci ba.

Ku kuma 'yan mata, in uwa ta ce a ɗaga kafet a wanke, kada ku tura baki. Gobe ɗakinku ne, kuma surukai ba sa sallama kafin su shaƙi iskar ɗaki.