Iska ta yaye rufi: a nemi diyyar asurans ko a gyara da aljihu?

Kowace shekara idan damina ta kawo kai, daga watan Mayu zuwa Yuli, hadari kan taso daga gabas da ƙura da iska mai ƙarfi kafin ruwa ya sauka. A Maraɗi, ko Damagaram, ko Garwa, ko Injamina, ba a rasa gidan da za a wayi gari kwanon rufinsa yana kwance a titi. Mafi yawanmu da aljihu muke gyarawa, ko da gudummuwar dangi. To amma akwai magidantan da gidajensu ke da asurans, wanda ƴan uwanmu na Nijeriya ke kira inshora. Su ne ke shiga wasi-wasi: a tafi kamfani ne, ko a haƙura?

Shawararmu ita ce a raba abu biyu. Sanar da kamfani daban, neman diyya daban. Na farko gaggawa yake so, na biyu kuwa lissafi.

Nijar da Kamaru da Cadi duk doka ɗaya suke bi a sha'anin asurans, wato dokar CIMA, wadda aka sa hannu kan yarjejeniyarta a Yawunde a 1992, ta fara aiki a 1995. Sashe na 12 na wannan doka ya ɗora wa mai asurans sanar da kamfani da zarar ya san ɓarna ta auku, cikin wa'adin da takardar yarjejeniya ta yanka, kuma wa'adin ba zai gaza kwana 5 na aiki ba. Saboda haka kada maigida ya zauna jiran kafinta har lokaci ya ƙure. Ya rubuta sanarwa, ya kai, ya karɓo shaidar cewa an amsa. Ya ɗauki hotunan rufin kafin a taɓa shi, ya adana kwanukan da suka lanƙwashe, ya shimfiɗa tampol don kada ruwa ya ƙara ɓarna, ya ajiye rasit ɗin duk abin da ya saya. Sanarwa ba ta tilasta masa karɓar komai. Haƙƙinsa kawai take tsare masa.

Daga nan sai a ɗauko takardar yarjejeniya a karanta a natse, wanda ba ya jin Faransanci ya nemi amintacce ya fassara masa. Da farko a duba ko ɓarnar iska, wadda suke rubutawa tempête, tana ciki, domin wata takardar gobara kaɗai ta ɗauka. Sai a nemi franchise, wato kason da maigida zai ɗauka da kansa a kowace ɓarna. Sai kuma vétusté, ragin da ake yi saboda tsufan rufi, tunda ƙa'idar doka ita ce diyya ba ta wuce darajar abu a ranar da ya lalace. A kuma tabbata an biya kuɗin shekara, don wanda bai biya ba ba shi da abin nema.

Mu ɗauki misali. A ce kafinta ya yi ƙiyasin gyara a kan jika 600, ragin tsufa kashi 25 cikin ɗari, wato jika 150, kason maigida kuma jika 100. Abin da zai shigo hannu jika 350 ne, kuɗin da ya cancanci a bi sawunsa. Amma idan kwano uku ne kawai suka ɗaga, gyaran bai wuce jika 120 ba, da an yi wannan ragi babu abin da zai saura. A nan zirga-zirga da jiran mai duba ɓarna na kamfani asara ce kawai, ga ruwa yana zuba a kan iyali. Sai dai kafin a ce ɓarna ƙarama ce, a sa kafinta ya hau ya duba katako da silin da kan bango, domin abin da ido bai gani ba yau shi ke rushe ɗaki a watan Agusta. Wanda ke zaman haya kuwa, rufi na mai gida ne: shi za a fara gaya wa.

Akwai abin da ya fi lissafi nauyi. Wani zai ba da shawarar a haɗa baki da kafinta a ƙara kuɗi a takarda, ko a jingina wa iska katakon da gara ta daɗe da cinyewa. Wannan ha'inci ne, ko da kamfani ake yi wa shi. Idan asiri ya tonu diyyar duka na iya salwanta, idan bai tonu ba kuma an ciyar da iyali da haram.

Game da hukuncin asurans ɗin kansa, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta hana asurans na kasuwanci saboda garari, wato rashin tabbas da ke cikin cinikin, ta halatta na taimakon juna, wanda ake kira takaful. Sudan ce ta fara kafa irin wannan kamfani a 1979, CIMA kuma ta fitar da ƙa'idojinsa a 2019. Wanda ya riga ya shiga na kasuwanci, wasu malamai sun ce ya karɓi gwargwadon abin da ya zuba kawai, wasu kuma sun sassauta saboda lalura. Ya kai takardarsa ga malamin da ya amince da iliminsa, amma ya fara aika sanarwa, domin wa'adi ba ya jiran fatawa.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu da iyalanmu daga sharrin iska da ruwa, amin.