Raɗe-raɗin Sayar da Ɗan Wasa: Gardamar 'Yan Kallo a Potiskum da Kuɗin da Ke Bayanta

POTISKUM, Jihar Yobe. Duk wanda ya san garin Potiskum ya san shi da abubuwa biyu, wato kasuwar shanu wadda ake lissafa ta cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, da kuma harkar manyan motocin dakon kaya masu zirga-zirga tsakanin Arewa da Kudu. Saboda haka mutanen garin ba baƙi ba ne a sha'anin taya da sallamawa, ko dillanci da la'ada. Ba abin mamaki ba ne ke nan idan aka ga cewa a gidajen kallon ƙwallo da majalisun matasa na garin, da zarar an buɗe kasuwar musayar 'yan wasa ta Turai, gardamar ciniki takan fi ta wasan kanta zafi.

Irin wannan gardama takan ƙara armashi idan ɗan wasan da ake magana a kansa ɗan Arewa ne. Misali mafi kusa shi ne na Zaidu Sanusi, mai tsaron baya ta gefen hagu, wato lamba uku a bakin 'yan kallo, wanda aka haifa a garin Jega ta Jihar Kebbi a shekarar 1997. Zaidu ya tafi ƙasar Fotugal tun yana matashi, ya yi wasa a ƙaramar ƙungiyar Mirandela da ke rukuni na uku a wancan lokaci, daga nan ya koma Santa Clara a 2019, sannan a watan Agusta na 2020 ƙungiyar FC Porto ta saye shi a kan yuro miliyan 4. A ranar 7 ga Mayu, 2022, shi ne ya jefa ƙwallo ɗaya tilo a ragar Benfica ana dab da tashi, ƙwallon da ta tabbatar wa Porto da kofin gasar ƙasar. Tun daga wannan rana jaridu suka yi ta danganta shi da wasu ƙungiyoyin Ingila.

Ya tafi ko ya zauna?

Ra'ayin 'yan kallo kan irin wannan batu yakan kasu gida biyu. Ɓangare na farko na ganin cewa kasuwa a kan ci ta ne ranar da take ci. A wurinsu, rayuwar ɗan ƙwallo a fili ba ta da tsawo, albashin gasar Firimiya ta Ingila kuwa ya ninka na Fotugal, don haka duk ɗan wasan da aka taya a daidai lokacin da tauraronsa ke haskawa, to ya amsa kira kafin farashinsa ya faɗi. Ɓangare na biyu kuwa na cewa Porto ƙungiya ce da ke shiga gasar zakarun Turai kusan kowace shekara, kuma ɗan wasan da ya bar inda ake sa shi a fili ya koma inda zai zauna a benci, ya yi asarar abin da ke ɗaga darajarsa tun farko.

Zaidu dai bai tafi ba. Ya ci gaba da wasa a Porto, ya kuma kasance cikin tawagar Nijeriya da ta kai wasan ƙarshe a gasar kofin Afirka da aka yi a Kwaddebuwa, inda masu masauki suka yi nasara da ci 2 da 1 a ranar 11 ga Fabrairu, 2024. Kwanaki kaɗan da komawarsa Fotugal sai ya samu mummunan rauni a gwiwa, wanda ya raba shi da fili na watanni da dama. Kowane ɓangare na masu gardama ya sami abin kafa hujja a cikin wannan labari, amma darasin da ɗan kasuwa zai ɗauka shi ne cewa ɗan wasa jari ne da darajarsa ke iya sauyawa cikin minti ɗaya.

Yadda farashin 'yan baya ya tashi

A da can 'yan gaba masu cin ƙwallo su ne ake zuba wa kuɗi, ɗan baya kuwa a kan same shi da araha. A shekarar 1997 ƙungiyar Chelsea ta sayi Celestine Babayaro, haifaffen Kaduna kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka ci wa Nijeriya zinare a wasannin Olamfik na Atlanta a 1996, daga Anderlecht ta Beljiyam a kan fam miliyan 2.25, kuma a wancan zamani an ɗauki wannan a matsayin kuɗi mai yawa ga matashi ɗan shekara 18. Bayan shekara 20, wato a 2017, Manchester City ta biya kimanin fam miliyan 50 don ɗauko Kyle Walker daga Tottenham. A 2021 Paris Saint-Germain ta sayi Achraf Hakimi na Maroko daga Inter Milan a kan kimanin yuro miliyan 60, a 2022 kuma Chelsea ta biya Brighton sama da fam miliyan 50 saboda Marc Cucurella.

Dalilin wannan tashi bai wuce biyu ba. Na farko, kuɗin nuna wasanni a talabijin ya cika aljihun manyan ƙungiyoyi. Na biyu, salon wasa ya sauya, domin yanzu ana bukatar lamba biyu da lamba uku su tare gida su kuma kai hari, alhali masu iya haɗa aikin biyu ba su da yawa. Abin da ya yi ƙaranci a kasuwa kuwa dole ya yi tsada.

Sai dai akwai abin da masu gardama kan manta, wato tsawon kwantiragi. Tun bayan hukuncin Bosman da kotun Tarayyar Turai ta yanke a watan Disamba na 1995, ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare yana iya tafiya ba tare da an biya tsohuwar ƙungiyarsa kuɗin saye ba. Shi ya sa a 2025 Real Madrid ta samu Trent Alexander-Arnold daga Liverpool a kan kimanin yuro miliyan 10 kacal, kuma wannan ma ta biya ne don a sake shi makonni kaɗan kafin wa'adinsa ya cika. Haka nan kuma raɗe-raɗi da yawa ba a banza suke fitowa ba. Wani lokaci wakilin ɗan wasa ne ke neman ƙarin albashi, wani lokaci ƙungiya ce ke son jawo mai taya na biyu domin farashi ya ɗaga, kamar dai yadda dillali a kara kan faɗa wa mai saye cewa wani ya riga ya taya.

Rabon da ya kamata ya dawo gida

Abin da ya fi shafar gari irin Potiskum a wannan sha'ani shi ne kason da dokokin hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, suka tanadar wa ƙungiyoyin da suka reni ɗan wasa. Idan aka sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa alhali kwantiraginsa bai ƙare ba, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi tun daga shekarar da ya cika 12 har zuwa 23. Kowace shekara daga 12 zuwa 15 tana da kashi 0.25 cikin 100 na jimillar kuɗin, kowace shekara daga 16 zuwa 23 kuma tana da kashi 0.5.

Idan aka ɗauki cinikin yuro miliyan 4 a matsayin misali, kason masu reno zai kama yuro 200,000. Ƙungiyar unguwa da ta riƙe yaro shekara huɗu na farko za ta samu yuro 40,000, wadda ta riƙe shi shekara guda bayan ya cika 16 kuma yuro 20,000. Idan aka lissafa da naira 1,600 kan kowace yuro, yuro 20,000 ta kama naira miliyan 32, kuɗin da zai ishi ƙaramar ƙungiya sayen kayan wasa da biyan kociyoyi da motar tafiye-tafiye na tsawon lokaci. Kuma ana sake biyan wannan kaso duk lokacin da aka sake sayar da ɗan wasan bisa waɗannan sharuɗɗa. Ban da wannan akwai diyyar horarwa, wadda ake biya idan matashi ya sa hannu a kwantiraginsa na farko na ƙwararru.

Amma duk wannan ya rataya ne a kan takarda. Tun watan Nuwamba na 2022 FIFA ta buɗe ofishi na musamman a birnin Faris wanda ke karɓar waɗannan kuɗaɗe ya rarraba su, kuma yana aiki ne da tarihin rajistar ɗan wasa da ke cikin kwamfuta. Ƙungiyar da ba ta yi rajista da hukumar ƙwallo ta jiha da ta ƙasa ba, ko ta yi amma ba ta shigar da sunan yaron da shekarun da ya yi a hannunta ba, to a idon doka ba ta taɓa renonsa ba. Nan ne matsalar ƙungiyoyin unguwanni da yawa a Arewa take, inda koci kan ɗauki nauyin yaro shekara da shekaru daga aljihunsa, ba tare da wata shaida a rubuce ba. Batun takardar haihuwa ma ba ƙarami ba ne, domin a 2016 'yan wasa 26 na tawagar Nijeriya ta 'yan ƙasa da shekara 17 sun faɗi gwajin tantance shekaru.

Jihar Yobe ba ta rasa tushe ba. Ƙungiyar Yobe Desert Stars ta Damaturu ta buga babbar gasar Nijeriya a 2018 da 2019 kafin ta sauka, maƙwabciyarta El-Kanemi Warriors ta Maiduguri kuma ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa a 1991 da 1992 da 2024. Shehu Abdullahi na Sakkwato, wanda ya tashi daga Kano Pillars ya yi wasa a Kuwaiti da Fotugal da Saifurus da Turkiyya, ya kuma tsare wa Nijeriya baya ta gefen dama a gasar kofin duniya ta 2018, ya nuna cewa hanyar a buɗe take ga ɗan Arewa.

Hattara da dillalan bogi

Inda kuɗi yake, nan mayaudara ke taruwa. Ya kamata iyaye da 'yan kasuwar da ke son taimaka wa yara su san cewa dokar FIFA ta hana kai yaro ɗan ƙasa da shekara 18 wasa wata ƙasa, in ban da wasu 'yan dalilai ƙalilan. Haka nan tun ranar 1 ga Mayu, 2015, an haramta wa wani mutum ko kamfani mallakar kaso a cikin kuɗin sayar da ɗan wasa nan gaba, saboda haka attajirin da ke son cin moriyar wannan harka sai ya bi ta hanyar kafa ƙungiya ko makarantar horarwa mai rajista. Duk wanda ya zo ya ce a sayar da gona ko shanu a ba shi kuɗin biza da jirgi domin kai yaro gwaji Turai, to a nemi ganin lasisinsa da takardar gayyata daga ƙungiyar da ya ambata, a kuma tantance ta wajen hukumar ƙwallo.

Su kansu gidajen kallo da ake wannan gardama a cikinsu sana'a ce da ta sha wuya. Harin bam da aka kai wurin kallon gasar kofin duniya a Damaturu a watan Yuni na 2014 ya daɗe yana tsorata jama'a, cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 da ƙarin kuɗin DStv kuma suka ƙara wa masu gidajen nauyi. Duk da haka matasa na biyan kuɗin shiga kowane mako, kuma wani ɓangare na kuɗin yana bin hanyarsa ta kamfanin tauraron ɗan'adam har ya isa asusun ƙungiyoyin Turai. Hanyar da doka ta tanada domin wani abu ya dawo ita ce ta kason masu reno, kuma ba ta bukatar komai face rajistar ƙungiya, da sahihiyar takardar haihuwa, da shigar da sunan kowane yaro tun yana ɗan shekara 12.