Ƙwan Zabo a Ƙarƙashin Kaza

Da damina ta kankama a Dosara zabi ke fara ƙwai, sai dai zabuwa ba ta iya reno ba. Cikin ciyawa take zubawa, da an razana ta ta watsar, in ma ta ƙyanƙyashe sai ta yi ta jan 'ya'yan cikin raɓa har sanyi ya kashe rabi. Shi ya sa kakata Inna, Allah Ya jiƙanta, da ta ga kaza ta soma kwanci sai ta janye nata ƙwan ta zuba mata na zabo. Kwancin kaza kwana 21 ne, na zabo yakan kai 28, amma haka baiwar Allah za ta daure ta cika.

Inna ba ta yarda a wuce goma sha biyu. Wata shekara na ɓoye na ƙara shida, don kwaɗayin zabi da yawa. Ta ɗaga kazar, ta ƙirga, ta dube ni: "Kai ɗan nan, mi ka kai ka? Fiffikenta nawa?" Na cire, amma da ta juya baya na mayar. Na bakin gefe duk suka zama baragurbi, har da waɗanda da sun yi rai.

Wannan kazar nake tunawa duk lokacin da aka tayar da zancen dokar kare yara. Mu dai riƙo ba baƙonmu ba ne. Goggo ta ɗauki ɗiyar ƙanenta, kawu ya ɗauki ɗan ƙanwarsa, wadda Allah bai ba haihuwa ba a ba ta yaye ta riƙe har aure. Addini ya shata iyaka: ka ci da maraya, ka tufatar da shi, ka tsare masa dukiyarsa, amma ba ka sauya masa uba, kamar yadda aka mayar wa Zaidu ɗan Harisa sunan mahaifinsa. Ba ya gadonka, sai dai ka yi masa kyauta ko wasiyya da ba ta wuce sulusi ba. Ɗan zabo ko ya shekara yana bin kaza, ranar da zanensa ya fito zabo ne, kuma ba wanda ya ga aibin haka.

A nan kwatancen ya ɗan yi ɗingishi, gara in faɗa. Iyayen yaranmu ba watsar da su suka yi ba, kashe su aka yi a gona da kan hanyar kasuwa. Kwamitin da tsohon Sufeto Janar na 'Yan Sanda M. D. Abubakar ya jagoranta a 2019 ya ce daga 2011 zuwa shekarar, rikicin 'yan bindiga ya mayar da yara sama da 25,000 marayu a Zamfara, mata kusan 5,000 kuma suka rasa mazajensu. Wannan kafin Jangebe ke nan, inda aka kwashe 'yan mata 279 a Fabrairun 2021, kafin ɗaliban Kaya ta Maradun a Satumban shekarar. Ƙwai ya yi yawa, kaji kuwa su ma korarru ne, da yawansu suna zaman aro a Talata Mafara da Gusau.

Gwamnatin Tarayya ta yi dokar haƙƙin yara tun 2003, zamanin Obasanjo, amma ba ta hawa kan jiha sai majalisarta ta amince. Arewa ta daɗe tana jan ƙafa, galibi saboda batun shekarun aure da na ɗaukar ɗa a mayar da shi na cikinka. Sai da aka zauna da malamai da sarakuna aka yi gyare-gyare. Sakkwato ta sa hannu a 2021, Zamfara a Agustan 2022, Kano a 2023. Abin dariya, ko na takaici, yankinmu ne ya fi kowa zama a kujerar gwamna: Yarima ɗan Bakura daga 1999, Abdul'aziz Yari ɗan Mafara daga 2011, sai Bello Matawalle ɗan Maradun, wanda shi ya rattaba hannu. Shekara 19 takarda na tafiya daga Abuja zuwa Gusau.

Dokar tarayyar tana da wasu abubuwa da Inna za ta gane ba sai an fassara mata ba. Ta ce kotun iyali ce ke ba da izinin riƙo, a buɗe rajistar yaran da ake riƙo, jami'in jin daɗin yara ya riƙa leƙawa gidan, kuma kada mutum ɗaya ya riƙe fiye da uku sai da dalili na musamman. Ai ƙidayar magariba ke nan. Inna ba ta kwana sai ta tsuguna bakin akurki ta ƙirga 'yan zabinta, ta ga wanne shirwa ta ɗauka, wanne ke ɗingishi. Da safe kuma ta aike mu nemo gara a tsohuwar tukunya, ta haɗa da ɓarzajjiyar dawa. Ba ta taɓa ce wa kaza tunda ke kika kwanta, ki ciyar ba.

Garar nan ita ce har yau ban gani ba. Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha tana raba wa marayu kayan Sallah da abinci, kuma ba ƙaramin abu ba ne, amma ciki ba ya jiran Sallah. Akwai wata dattijuwa da nake gaisarwa in na je gida, jikoki bakwai take riƙe da su tun da aka kashe 'ya'yanta biyu maza rana ɗaya. Ƙuli-ƙuli take yi. Babbar cikinsu ta bar makaranta tana kai tallar bakin tasha, biyu maza an tura su almajirci Kano don a rage baki. Na tambaye ta ko wani ya taɓa zuwa daga Gusau ko daga ƙaramar hukuma ya rubuta sunayensu.

Ta ajiye muciya, ta ɗan yi tunani. Ta ce an zo sau ɗaya da takarda, gab da zaɓe, amma waɗanda suka kai 18 kawai aka tambaya.