Yadda Attajirai Suka Kutsa Fadar Mulkin Amurka

A jawabinsa na bankwana ranar 15 ga Janairun 2025, Shugaba Joe Biden ya gargaɗi Amurkawa cewa mulkin 'yan tsirarun masu hannu da shuni yana kafuwa a ƙasarsu. Bayan kwana biyar, a wajen rantsar da Donald Trump, sai ga attajirai Elon Musk da Jeff Bezos da Mark Zuckerberg zaune dab da iyalan shugaban.

Ƙofar ta buɗe ne tun 2010, lokacin da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Citizens United cewa kamfanoni da ƙungiyoyi za su iya kashe ko nawa ne wajen tallata ɗan takara, muddin ba hannunsa suka danƙa kuɗin ba. Da wannan dama Musk shi kaɗai ya zuba fiye da dala miliyan 250 a zaɓen 2024.

Sai dai ɗora wa kotu laifin duka bai wadatar ba. A ganina, babban dalilin shi ne cewa arzikin waɗannan mutane ya dogara da gwamnati. Kamfanin SpaceX na Musk ne ke kai 'yan sama-jannatin NASA tashar sararin samaniya, yana kuma harba taurarin ɗan Adam na soja. Wanda ke cin kwangila irin wannan ba zai zura ido a naɗa masu sa masa ido ba tare da ya sa baki ba. Ga kuma kafafen yaɗa labarai a hannunsu. Musk ya sayi Twitter a 2022 kan dala biliyan 44. Bezos, mai jaridar Washington Post tun 2013, ya hana ta bayyana goyon bayan abokiyar hamayyar Trump, Kamala Harris, ana gab da zaɓen 2024.

Kuɗi dai ba kullum suke sayen ƙuri'a ba. A Afrilun 2025 Musk ya kashe miliyoyin daloli a zaɓen alƙalin Kotun Ƙolin jihar Wisconsin, ɗan takararsa kuma ya sha kaye. Inda kuɗi suka fi tasiri shi ne bayan zaɓe, wajen rabon muƙamai. Nan ne aka miƙa wa Musk, wanda ba a jefa masa ƙuri'a ko ɗaya ba, jagorancin hukumar DOGE ta rage kashe kuɗin gwamnati. Cikin 'yan makonni aka wargaza USAID, hukumar Amurka mai ba da agaji a ƙasashen waje. Raɗaɗin ya iso har Borno, inda ayyukan ciyar da yara masu tamowa da kula da 'yan gudun hijira suka shiga mawuyacin hali saboda yankewar tallafi. Iyayen waɗannan yara ba su da majalisar da za su kai ƙara.

Musk ya bar gwamnati a ƙarshen Mayun 2025, har ma suka yi baram-baram da Trump. Amma USAID ba ta dawo ba, hukuncin 2010 kuma yana nan daram.